Tate Eino da Birkin 'Yarsa

A unguwarmu ta Mondesa, cikin garin Swakopmund, in ka ce Tate Eino Nakale (Tate shi ne Baba a yarensu) kowa ya san wanda kake nufi: bakaniken nan gajere mai furfura, da ke gyaran babura masu ƙafa huɗu a garejin wani kamfanin yawon buɗe ido a bakin gari. Shekararsa ashirin da shida a wurin. Yana yaro ya yi kiwon shanun mahaifinsa a arewa, kusa da Ondangwa. Da ya tasa ya gangaro bakin teku ya kama aikin fiɗar kifi a Walvis Bay, har wani mai kula da injin jirgin ruwa ya lura hankalin saurayin ya fi karkata ga ƙarfe, ya miƙa masa sifana. Matarsa tana can arewa tana noman gero, sai Disamba suke ganin juna. Cikin 'ya'yansu biyar Tuyeni kaɗai ta biyo shi, kuma ita ce yanzu ke jan ayarin baƙi a kan tuddan yashi, tana gaba, su goma suna bayanta a jere, kowa a kan nasa babur.

Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa, ba ya son a tsaya masa a ka. Birki kuwa ba ya wasa da shi ko kaɗan. Duk wata shida sai ya juye man birkin kowane babur, saboda hazon teku da ke rufe garinmu da safe. Man yana shan damshi, in ya sha kuma a doguwar gangara sai ya tafasa, mutum ya matse hannun birki har ƙarshe bai kama komai ba. Tate Eino ya taɓa ganin abin da hakan ke yi wa ƙashin mutum, shi ya sa.

A bana ne kansa ya fara yi masa gardama. Sai ya je kanti ya tsaya a ƙofa, ya rasa me ya kawo shi. Sau biyu ya kira Tuyeni da sunan uwarta. Bai gaya wa kowa ba, ya ce wa kansa gajiya ce, tunda dai a gareji aiki bai taɓa kuɓuce masa ba.

Ranar wata Alhamis da safe Tuyeni ta turo baburinta ta ce birki ya yi laushi, ga baƙi ƙarfe goma, kuma babban tudu suka biya a kai su.

"Je ki sha shayinki," in ji shi. "Kafin ya huce na gama."

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana matsa hannun birki, ɗaya yana ƙasa da sifana yana buɗe ɗan notin da ke jikin taya, tsohon mai ya fito ta tiyo ya zuba a kwalba. Na ƙasa ke ba da umarni, kuma dole ya rufe notin kafin na sama ya saki, in ba haka ba iska ta koma ciki. Na saman Tate Eino tun shekaru goma sha tara shi ne Gerson, direban motar ɗauko baƙi, dogon mutum mai surutu wanda bai san komai a inji ba sai wannan matsin.

"Matsa. Matsa. Riƙe."

"Na riƙe, ranka ya daɗe, sarkin ƙarafa."

Mai ya fito baƙi kamar shayin da ya kwana, da 'yan kumfa a ciki. Suka yi tayar gaba ta dama, suka yi ta hagu, suka yi ta baya, don birki ɗaya ne a baya. Tate Eino ya miƙe ya matsa hannun birkin da kansa, sai ya ji shi lagwab kamar burodi.

"Kai ne ka saki da wuri," ya ce.

"Ni? Tsoho, kai ka ce saki."

"Bayan na rufe na ce."

"To, ni dai ina sama, ba na ganin ƙasa. Abin da kunnena ya ji shi hannuna ya yi."

Suka sake daga farko. Wannan karon kumfar ta ƙi ƙarewa, sai ƙaruwa take. Tate Eino ya zargi tiyo, ya canza. Ya zargi kwalbar man, ya ce tabbas an bar ta a buɗe ta sha hazo, ya fasa sabuwa. Sai da ya zo zubawa ya ga ɗan kofin man da ke kan kan babur ya bushe ƙaf. Tun ɗazu iska zalla suke ɗurawa. Cika kofin nan shi ne abin da yake fara koya wa duk wanda ya zo koyon aiki, kuma ya taɓa korar mutum a kansa.

Gerson ya gani, ya kau da kai ya shiga ba da labarin wata Bajamushiya da hularta ta tashi a kan tudu ta ce sai an tsaya an nemo. Tate Eino bai ji rabin labarin ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a cikin garejin nan ba.

Ya cika kofin. Sai dabara ta zo masa: ya ɗauko alli ya ce duk tayar da ya gama zai yi mata alama. Suka ci gaba. Can ya tsinci kansa a durƙushe gaban tayar hagu, ga alamar alli a jikinta, ga sifana a hannunsa. Ya zuba wa alamar ido. An gama ke nan take nufi, ko kuwa nan za a fara? Ya leƙa ta dama, ita ma da alama. Ya leƙa ta baya, alama biyu.

"Gerson, wacce muka yi yanzu?"

"Kana tambayar makaho hanya. Ni ƙeyarka kawai nake gani tun safe." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya rage murya. "Eino, lafiya dai?"

"Matsa kawai."

A zagaye na huɗu man ya fito garau, ba kumfa ko ɗaya. Hannun birki ya yi tauri, ya tsaya cak a rabi. Gerson ya duba agogo, ya ce ya makara, ya figi mota ya tafi otal ɗauko baƙi. Tate Eino ya cire tiyo, ya rufe kofi, ya goge inda mai ya ɗiga don kada ya ci fenti, ya wanke hannu. Yana cikin goge hannun ne tambayar ta faɗo masa: ya ɗaure notin baya sosai, ko rufewa kawai ya yi da niyyar ya dawo?

Notin da aka rufe ba a ɗaure ba yana riƙe mai a gareji. Sai an hau yashi babur ya yi ta girgiza yake kwancewa kaɗan-kaɗan. Abu mai sauƙi, za ka ce, ya je ya duba mana. Ya je. Ya durƙusa, ya miƙe, ya mayar da sifana kan allo. Da ya juyo sai ya rasa ko ya sa sifanar a notin ko kallonsa kawai ya yi. Ya sake komawa. A karo na uku ya tsaya a tsakiyar gareji, bai san sau nawa ya je ba, bai san ko tayar baya ya duba ko ta hagu ba. Ga shi yana iya lissafa maka sunan kowace saniyar mahaifinsa, amma minti biyar da suka wuce sun ɓace masa.

Mota ta dawo. Baƙi suka sauko suna shafa man kariya daga rana, ana raba musu hulunan kwano. Tuyeni ta shigo ta haye baburinta ta tayar, tana sa safar hannu. Ba ta ko taɓa birkin ba. Tunda ta fara aikin nan ba ta taɓa gwada abin da ya fito daga hannun mahaifinta ba.

"An gama, Tate?"

Da ya ce e, da shi ke nan, ba wanda zai sani. Mai yiwuwa ma notin a ɗaure yake. In ya faɗi gaskiya kuwa, ga Gerson a ƙofa, ga mai kamfanin a bayansa da takardar sunayen baƙi, kuma ba a barin bakaniken da ba ya tuna abin da ya ɗaure. Ya dubi 'yarsa, ya tuna tsawon gangarar babban tudu.

"Ban sani ba," ya ce.

"Me ne ba ka sani ba?"

"Notin baya. Ban sani ba ko na ɗaure. Na duba, amma ban san ko na duba ba."

Ta dube shi. Sannan ta kashe injin, ta cire safar hannu, ta ɗauko sifana mai lamba takwas daga kan allo, ta kwanta a kan siminti da tufafin aikinta masu tsabta. Ta taɓa na dama, ta taɓa na hagu, ta zo na baya. 

"A ɗaure yake, Tate," ta ce daga ƙasa. "Gam."

Tate Eino ya gyaɗa kai. Yana tsaye daidai kanta, ya ga wuyan hannunta ya juya rabin zagaye kafin sifanar ta tsaya; ita ce ta ɗaure notin yanzu.