Warin Ɗakin Laimar Kwaɗi

A cibiyar binciken da yake aiki ana kiransa Mai Feshi. Aikinsa shi ne ya shiga wani ɗaki mai danshi, ya yi ta fesa ruwa kan buhunan ƙurar katako inda laimar kwaɗi ke tsirowa, wata fara mai gemu kamar tsohon liman. Ita masana ke busarwa su gwada, ko za ta rage mantuwar tsufa.

Da can surutunsa sai an toshe kunne. Yanzu buhunan kaɗai ke sauraronsa, su ma don ba su da ƙafar gudu ne.

A gida matarsa, wadda yake kira Gimbiya, ta manta shi. Matar da ta tsufa tana yi masa faɗa, yau in ya shigo sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Maigidan ba ya nan." Ba abin da ke cinsa kamar wannan ladabin.

Ya taɓa tare shugabar binciken a bakin ƙofa. "Likita, abin nan da nake shayarwa, zai yi wa matata?"

"A kan ɓeraye mun ga alama, Baba. A kan mutane ba mu sani ba tukuna."

"To, Allah Ya sa ɓerayen su gode," in ji shi.

Dokar wurin ita ce kowa ya yi wanka ya sake kaya kafin ya tashi. Wata rana aka ɗauke ruwa, ya tafi gida yadda yake. Yana shiga Gimbiya ta yatsine fuska.

"Kai, ƙazamin banza! Sau nawa zan ce maka kar ka shigo min da warin rumar nan?"

Ya tsaya cak, takalmi a hannu. "Ni kike zagi, Gimbiya?"

"Da wa zan zaga?"

Kafin ya ajiye takalmin ta sake gyara mayafi. "Yi haƙuri, Malam. Warin mijina kake yi. In ka gan shi, ka ce ina jiransa."

Tun ranar, wanka dai yana yi, amma rigar aikin yana cusa ta a jaka, ya sa ta a jikinsa in ya kai bakin ƙofar gida. Wani lokaci ya samu zagin. Galibi kuwa sai a ba shi kujerar baƙi, ya zauna su jira maigidan tare.