Zuwa Karshi Neman Sunan Garin Doya

Mun tashi da asuba daga Kubwa ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da wata abokiyar aikina da ke sashen kwamfuta a ma'aikatarmu. Ita ke tuƙi. Ni kuwa ina gefe riƙe da waya, ina duba shafin intanet ɗin da ya sa muka yi sammako.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Akwai wasu mata manoma a Karshi da na daɗe ina sayen garin doya da busasshiyar kuɓewa a wurinsu. Bara na yi musu alkawarin buɗe shafi don mutanen cikin gari su riƙa yin oda kai tsaye. Suka yarda da ni, har suka ƙara yawan doyar da suke shanyawa. Na buɗe shafin, na raɗa masa dogon sunan Turanci mai kama da na kamfanin mai. Wata uku suka wuce, ba wanda ya kira sai ƙanwata, ita ma tausayi ne ya sa. Da na kai kuka wurin abokiyar tawa, sai ta ce ba za ta taɓa shafin ba sai ta ga kasuwar da idonta. Na yi mamaki, don a zatona gyaran intanet a kan tebur ake yinsa.

Muka wuce Nyanya garau, abin da ba ya faruwa a ranar aiki. A Jikwoyi muka tsaya wurin wata mai waina. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya ƙaru, amma miyar taushen ta biya. A nan abokiyata ta fara yi mini bayanin abin da 'yan sashensu ke kira SEO. Ta ce ba wani sihiri ba ne, shirya shafi ne yadda in mutum ya rubuta abin da yake nema a injin bincike, shafinka zai fito cikin na farko. Ta tambaye ni wace kalma mai neman gari zai rubuta. Na faɗi sunan shafina. Ta dube ni, ta ce ko ni kaina sai na duba takarda kafin in rubuta shi daidai. Mai waina, da ba ta san kan zancen ba, ta taya ta dariya.

Daga Kurudu hanya ta fara nuna halinta. Ramuka, tifofin yashi, 'yan acaɓa da ke fitowa ta inda ba ka zato. A Orozo muka tsaya sayen gasasshiyar doya da manja, sai abokiyata ta ce in buɗe shafin a nan, inda sabis ke da rauni. Na buɗe. Muka cinye doya, muka wanke hannu, hoton farko bai gama fitowa ba. Ta ce hotunan sun yi nauyi, kuma yawancin masu sayayya da waya suke shiga, da datar da suke tattali. Wanda ya jira bai ga komai ba zai fita, injin bincike kuma yana la'akari da saurin shafi. Ni a ofis nake buɗe shi kullum, da intanet ɗin gwamnati, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Mun isa Karshi da hantsi. Shugabar matan, dattijuwa ce Bagwandariya, ta tarbe mu a rumfarta. Bayan gaisuwa ta kai mu ɗakin ajiya. Buhuna ne jere har kusa da rufi. Ta zura hannu cikin ɗaya, ta nuna mini inda ƙwari suka fara shiga.

"Hajiya, kai ka ce mu ƙara, mun ƙara," in ji ta da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Damina ta kusa. Mutanen waya ɗin suna ina?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma hakan ya fi yi mini nauyi. Na ce, "Mama, laifina ne. Abin da ya kawo mu ke nan."

Abokiyata ta roƙi a ba mu benci a bakin rumfa. Ta ce mu zauna mu saurari masu saye kawai, in rubuta duk sunan da suka kira kayan da shi. Na ɗauka ɓata lokaci ne, amma cikin awa biyu takardata ta cika. Wata Bayarabiya da ke da gidan abinci a Masaka ta ce a ba ta elubo. Wani Bakano ya nemi garin amala. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaya da Turanci. Wani kuma cewa ya yi a ba shi baƙin garin nan na tuwon Yarabawa. Gari ɗaya ne, Mama kuma tana amsa wa kowa da sunan da ya kira. Tambayoyinsu ma kusan iri ɗaya: babu yashi? Ba a haɗa da rogo ba? Mudu ne ko buhu? Ana kaiwa gida? A shafina babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da amsoshi. Abin da na cika shi da shi tarihin kafa kamfani ne da hotona sanye da gilashi.

Kafin azahar muka yi aiki sosai. Muka ɗauki sabbin hotuna na doya a kan shanya da na gari a mudu. Abokiyata ta nuna mini yadda ake rage musu nauyi, a kuma rubuta bayanin kowanne. Ta sa rumfar a taswirar waya da lambar kira, don mai neman gari kusa da shi ya gan ta. Mai gidan abincin Masaka ta yarda za ta rubuta ra'ayinta a kan garin, ta kuma ambaci shafin a dandalin da take tallan abincinta. Abokiyata ta ce irin wannan ambato daga wasu na ƙara wa shafi daraja a wurin injin bincike. Mai abincin ta ɗauki buhu biyu, ni ma na sa biyu a but ɗin mota don in raba ɗanɗano a ofis.

Da Mama ta tambayi yaushe za a fara kira, na buɗe baki zan ce mako mai zuwa, sai abokiyata ta taka mini ƙafa. Ta gaya mata gaskiya: abin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka kada su daina sayarwa a kasuwa. Mama ta gyaɗa kai, ta ce wannan maganar ta fi ta bara daɗin ji.

Mun kamo hanya bayan la'asar, cunkoson Karu ya riƙe mu, muka shiga Kubwa dab da magariba. Washegari na sauya kan shafin zuwa kalmomi masu sauƙi: garin doya, garin amala, elubo, daga Karshi, ana kaiwa ko'ina a Abuja. Na cire tarihin kamfani, na sa amsoshin tambayoyin nan huɗu.

Har yanzu ban san ko buhunan za su ƙare kafin ruwa ya sauka ba, kuma abin yana cikin raina. Amma tafiyar ta nuna mini inda na kuskure. Na rubuta shafin ne don in burge abokan aikina, alhali ba su ne masu tuƙa amala ba. In kana da shafi kuma shiru ya yi yawa, kafin ka nemi gwanin kwamfuta, nemi benci kusa da masu sayen kayanka, ka zauna da biro.