Kalmomi Huɗu na Yaya Issufu

Ina ɗaurin damin gero a Dungas, ran Talata da la'asar, jandarma ya kawo takardar waya: Yaya Issufu ya rasu a Zinder, har an yi jana'iza. Shekara goma sha ɗaya ya yi a filin jirgi yana magana da matuƙa ta rediyo. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Je ka jiyo mini abin da ya faɗa na ƙarshe."

Laraba

Bayan asuba na hau kamiyon gyaɗa. Gab da Dantchiao yashi ya riƙe mu, muka sauka muka tura. Direban ya ji aikin Yaya, ya ce, "To ka ce ya roƙo mana ruwa mana, tunda shi ya fi kusa da sama!" Ban gaya masa ya rasu ba. Ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Magariya, na sha fura, jandarmomi suka duba takardu a shinge. Da magariba na sauka Zinder.

A gidan Yaya, matarsa Hajara ta rage murya. "Yaren Nasara ya yi ta yi, har maƙwabta sun fara cewa bai cika da salati ba. Na dai riƙe: Indiya, Nuwamba, Nuwamba, Alfa. Sau uku."

Alhamis

Ƙarfe takwas na je filin jirgi. Abokin aikin Yaya, Malam Habu, ya hau da ni wani ɗakin bene mai gilashi. Jirgi na tafe daga Agadas. Muryar matuƙin ta fito daga akwatin rediyo tana ƙara, Malam Habu ya amsa, muryar ta maimaita abin da ya ce.

Na ce, "Bai ji ba ne?"

"Ya ji. Amma a nan, in ba a maimaita maka ba, saƙonka bai isa ba."

Cikin maganarsu na tsinci Alfa. Na ce, "Wane ne Alfa?"

Ya yi murmushi. "Ba mutum ba ne. Iska tana cin harafi, shi ya sa kowanne aka raɗa masa suna. Alfa shi ne A."

Na faɗa masa kalmomin Hajara. Ya rubuta farkon kowace a takarda, ya miƙo mini. I, N, N, A.

Juma'a

Hanyar da na bi ita na komo, na iso Dungas da la'asar sakaliya. Na gode Allah, na gode wa Malam Habu. Na gaya wa Inna duka, har da maganar maimaitawa.

Ta ce, "Ni yake kira, ko Innalillahi ya ɗauko?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta daɗe tana duban takardar da ba ta iya karantawa. Can ta ce a hankali, "Na'am, Issufu."

Har yau ba mu san wanne ya ɗauko ba. Bai ƙarasa ba.