Kalmar da Na Laƙaba Mata

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na koma wani gida a Setapak, hawa na goma sha huɗu. Mu biyu ne a ciki, kowa da ɗakinta, falo da kicin na tarayya. Abokiyar zamana 'yar ƙasar ce, 'yar asalin Sin, sashenmu ɗaya a jami'a, tana digiri na uku ina na biyu. Mace ce marar hayaniya. Da azumi ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, in kuma ta biyo ta Kampung Baru sai ta ƙunso mini abin buɗa-baki ba tare da na roƙa ba.

A ɗakinta akwai wani ɗan tebur da ba ta ɗora littafi a kai. Kyandir biyu ne, da ƙoƙon gishiri, da ƙoƙon ruwa, da 'yan duwatsu. Ni kuwa ba na iya ganin abu in yi shiru, sai na tambaye ta. Ta ce addininta ne, ana ce masa Wika, mabiyansa suna girmama ƙasa da wata da juyawar lokaci, kuma da Turanci suna kiran kansu "witch". Na nemi tsari a zuciyata, a fili kuma na gaya mata addinina bai yarda da wannan ba. Ta ce ta sani, ba ta kuma neman kowa ya bi ta. A nan muka bar maganar, muka ci gaba da zamanmu lafiya.

Sannu a hankali na ji sauran labarin. Shekara huɗu ta yi a cikin wata 'yar ƙungiya ta mutum tara da ke haɗuwa a gidan shugabarsu a Sri Petaling duk lokacin da wata ya cika. Sai mutum ya shekara ana koyar da shi kafin a shigar da shi, ya yi rantsuwar riƙe sirri. A tsaye suke ibadarsu, a da'ira, ɗaya ya faɗa saura su amsa. Ta fita daga ƙungiyar ne da shugabar ta fara zaɓar mata waɗanda za ta yi hulɗa da su. Ba wanda ya zage ta, amma daga ranar in sun haɗu a tashar jirgi sai su kau da kai. Shekara biyu ke nan tana yin ibadarta ita kaɗai.

"Ba mai juya ni yanzu," in ji ta. "Amma wani lokaci sai in faɗi kalmomin in tsaya ina jiran amsa, kafin in tuna babu kowa."

Ni ina da tawa da'irar. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mu matan Arewa muna taruwa a gidan matar wani malamin jami'a, wadda muke kira Anti. A nan nake cin tuwo, a nan nake jin Hausa har kunnena ya ƙoshi. Lokacin da aka yi mini aiki a asibiti, su ne suka riƙa karɓa-karɓar jinyata. Aibina ɗaya, ina son in ba da labari a yi dariya. Ranar da wata ta tambaye ni da wa nake zaune, sai na gyara zama na ce, "Da mayya."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Na kare kaina da cewa haka ƙamus ya fassara kalmar. Amma na san abin da mayya take nufi a wurinmu: mai kama kurwar mutum, galibi ta yaro, ta riƙa cinta har ya mutu. A unguwarmu na tashi na ga wata tsohuwa da ba mai sayen ƙosanta saboda wannan kalma. Na sani sarai, na faɗa don a yi dariya.

Bayan mako uku Anti ta zo gidana karɓar kuka da daddawa da aka aiko mini, tare da 'yarta mai shekara huɗu. Abokiyar zamana ta shafa kan yarinyar, ta yaba kitsonta, ta ba ta biskit. Kwana biyu tsakani zazzaɓi ya rufe yarinyar. Asibiti suka ce denge ne, wanda sauro ke kawowa, suka riƙe ta kwanaki suka sallamo ta. Ta dawo gida ba ƙarfi, ba ta cin abinci, tana firgita a barci. Kakarta ta bugo waya daga gida tana tambayar wa ya taɓa ta. Da safe Anti ta kira ni.

"Ƙanwata, ke da bakinki kika faɗa. Ki kawo ta ta tsallake min 'yata. Sau uku kawai, ba abin da za mu yi mata."

"Anti, ai likita ya ce denge ne. Result ɗin ma ya nuna tana samun sauƙi."

"Na ji likita. Ni uwa ce. Da 'yarki ce fa?"

A gida haka ake yi. Wadda ake zargi da maita ana sa ta tsallake marar lafiya don ta saki kurwarsa, kuma yarda ta tsallaka kamar amsa laifi ne. Ya kamata in ce a'a, in ce ƙarya na yi. Tsoro ya hana ni. Na hango kaina a garin nan ba mai buga mini waya ranar Sallah, sai na zaɓi matan.

Na sami abokiyar zamana a kicin na gaya mata rabin gaskiya. Na ce yarinyar ba ta da lafiya, mata za su taru, a al'adarmu akan roƙi wani ya tsallake marar lafiya, kuma ita suka zaɓa. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

"Ni? Sun san abin da nake bi, kuma suka ce in zo?"

Na ce e.

Ta sa riga mai dogon hannu, ta yafa gyale don girmama su, ta tsaya a kanti ta sayi lemo da ruwan kwakwa. Da muka shiga, mata bakwai suna tsaye kewaye da tabarmar da yarinyar ke kwance, an kwashe sauran yara an kulle su a ɗaki. Ta gaishe su, aka amsa a ciki-ciki, ba wadda ta miƙa hannu ta karɓi ledar. Ta ajiye ta a bakin ƙofa. Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, ta tattare rigarta ta tsallaka a hankali, sau uku. Sannan ta sunkuya za ta dafa goshin yarinyar.

Anti ta yi ƙara ta fizge 'yarta. "Kar ki taɓa min ita!" Wata daga baya ta ce, "Allah ya isa, mayya."

Abokiyar zamana ba ta jin Hausa, amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni, ta sa takalmanta.

Sai da muka kai wurin jiran bas ta yi magana. Ta maimaita kalmar daidai yadda ta ji ta, ta ce in gaya mata ma'anarta. Na gaya mata duka, har da abin da tsallakewar take nufi.

"Ke ma kin yarda ina cin yara?"

"A'a, wallahi."

"To wa ya gaya musu haka?"

"Ni."

Ta kau da kai ta kalli titi. Sannan ta ce, "Da nake tsallakawa lafiya nake roƙa mata. Na ɗauka abin da muka taru mu yi ke nan, mu duka."

Yarinyar ta warke, kamar yadda likita ya faɗa tun farko. Matan suka ce ai ga shi nan. A taron da ya biyo baya Anti ta ba sababbin zuwa labarin, ta ce ni jaruma ce, ta ƙara mini nama a kwano. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na ga yadda suke kallona da ƙauna, sai na sunkuyar da kai na ci. Har yau ina jin kunyar wannan loma.

Abokiyar zamana ba ta yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Na ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Tana gaishe ni da safe, tana wanke kwanonta, tana kulle ɗakinta in za ta fita, abin da ba ta yi a da. Da zangon karatu ya ƙare ta sami wani gida. Na taya ta sauko da kaya, tana ta cewa in bar shi. Da aka gama lodawa ta riƙe ƙofar motar ta juyo.

"Yarinyar ta warke?"

"Ta warke sarai. Har ta koma makaranta."

"Na ji daɗi," in ji ta, kuma na ga da gaske take. "Amma kada ki gaya mini abin da suka ce ya warkar da ita."