Macijin Badaru Ya Koma Kore

Duk zuriyarmu ba a yi matsoracin maciji irin Badaru ɗan kawuna ba. Mutumin da igiyar shanya ta taɓa sa shi haye katanga ba takalmi. To shi Allah ya kai Dubai a 2018, ya kuma ba shi aiki a wani sito a unguwar Al Quoz inda ake kiwon namun daji don nunawa.

Aka haɗa shi da wani jaririn maciji ruwan ɗorawa, ɗan kurmin tsibirin Niugini. Shi wannan ba ruwansa da ƙasa. Reshe guda zai samu ya naɗe kamar gammo, ya ɗora kai a tsakiya, ya wuni a haka. Ruwa ma sai an fesa masa, ya tsotsi wanda ya taru a jikinsa. In yunwa ta taso, sai ya riƙa kaɗa bakin wutsiya kamar tsutsa, ƙadangare ya zo dubawa, shi ke nan. Feshin nan shi ne aikin Badaru, a kansa bizarsa ta rataya.

Kafin ya baro gida, kakarmu Uwa ta ƙulla masa garin maganin maciji. Kullum sai ya kwaɓa da man kaɗanya ya shafe hannu har gwiwa, sannan ya zura cikin akwatin gilashin da macijin yake ciki yana taƙama kamar jikan gardawa.

Ana nan, Anti Sumaya 'yar zangon Kumasi, mai kula da sashen, ta tafi hutu. Sai kore ya fara tsirowa a gadon bayan maciji, kullum ƙaruwa. Badaru ya ce khalas, shi ke nan, maganin Uwa ya ruɓar da dabbar mutane, korarsa za a yi. Abinci ya gagare shi. Har kasuwar Deira ya je ya sayo garin kurkum mai rawaya don ya mayar da launin, ya rasa ta inda zai kama.

Ranar da Anti Sumaya ta dawo, ya durƙusa ya zayyana mata komai.

"Tashi, ƙanena," in ji ta, dariya har da hawaye. "Girma ya yi. Haka jinsinsu yake, su fito rawaya su koma kore."

"To maganin fa, Anti?"

"Wane magani? Bai ma san kana shafawa ba."

Biza ta tsira. Amma Badaru ya daɗe yana kallon hannun da ya yi ta zurawa ba kariya. Yanzu da tiyo yake feshin, daga bakin ƙofa, baƙi suna ta yabon yadda yake girmama dabba.