Ranar da Ɗan Sanɗa Ya Miƙe Tsaye

Kawuna maharbi ne, ƙanen Innata, kuma ban taɓa ganinsa zaune a gida da rana ba sai shekarar da daji ya gagara shiga. Masu bindiga a kan babura suka mamaye dajin wajen Gwashi, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin gada da zabin daji. Wata rana suka tare shi, suka karɓe harba-ka-rugarsa, suka ce in ya sake dawowa ya kuka da kansa. Ya dawo Bukkuyum ya zauna a zauren gidanmu, ya jingina da bango, shi ke nan. Mutumin da a da yake cin tuwo kamar an yi masa gorin ci, ya koma sai ya taɓa ya ture kwano. Inna ta lallasa, ta yi faɗa, ta karɓo rubutun sha. Kullum ƙara zubewa yake, mu kuwa muna kallo, tsoro ya cika mu.

Ni a lokacin ina da ɗan shago kusa da tasha. Gaba cajin waya, bayan labule talabijin da injin gem da benci. Samari ƙwallo suke zuwa bugawa, su yi ta ihu kamar da ƙafarsu suka ci. Nawa abin so daban ne. In rana ta take, shago ya yi tsit, sai in saka faifan wani wasa na sanɗa. Mutum ɗaya ne a ciki, ana tura shi wani gida mai cike da masu gadi ya ɗauko abu ya fito. Zai yi rarrafe cikin ciyawa, ya laɓe bayan ganga, ya jira mai gadi ya juya baya. Turancinsu ba na kama shi sosai, don haka ban san sunansa ba, ban kuma damu ba. Ɗan sanɗa muke ce masa.

Inna ce ta haɗa shi da Kawu, da dabararta ta tsofaffi. Ta ce wayarta ta mutu, babu yaro a gida, sai Kawu ya taimaka ya kai mini. Ya shigo ya same ni a bayan labule, daidai lokacin da mai gadi ya hasko ni da fitila ana ta busa ƙaho.

"Kai, wa ya koya maka tahiya haka?" in ji shi. "Ko jaki ya hi ka sanɗa. Kana ganin mutum shina kallon gabas, kai kuma ta gabas zaka hito mai?"

Na ce, "To Kawu, ta ina?"

Ya ƙura wa talabijin ido. Sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye a bakin labule, ya zauna. Rabon da in ga ya tuɓe takalmi da wannan niyya tun ina yaro, in zai shiga sawun nama.

Daga ranar muka zama mutum ɗaya mai jiki biyu. Bai taɓa riƙe hannun gem ba, wato abin da ake dannawa, ya ce yatsunsa ba na wasan yara ba ne. Ni ne hannu, shi ne ido. Kuma dokokinsa na daji ya kwaso gaba ɗaya ya zube mana a shago. Ba a magana in an shiga. Wanda tari ya kama ya fita waje. Kafin mu motsa sai ya ɗebi ƙasa a bakin ƙofa ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta nufa. Na gaya masa babu iska a cikin talabijin, ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce babu inda Allah ya halitta babu iska. Ban sake tayar da zancen ba.

Babbar dokarsa ita ce ba a taɓa mai gadi. Wasan ya ba da dama ka shaƙe mutum ta baya ko ka harbe shi, amma Kawu ya haramta.

"Mai gadi na, abincin ɗiyanai shika nema," in ji shi. "Abin da anka aike ka shi zaka ɗauka. Maharbin da ya tahi neman gada ya harbe biri, wannan ba maharbi ba na, mahaukaci na."

Saboda haka mukan kwashe wuni guda a kwance cikin ciyawa muna jiran wani ƙato ya gama shan sigari. Samari su leƙo su ce gem ɗin ya tsaya ne? In na ƙosa na motsa, Kawu ya dafa mini gwiwa. In muka fita daga gida babu wanda ya gan mu, babu wanda muka taɓa, sai ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi, ya aika a sayo masa ƙosai. Haka muka gama kashi na ɗaya, na samo na biyu, na samo na uku. Shekaru suka tafi. Kumatunsa suka dawo. Inna, wadda da take ce wa shagona gidan ɓata yara, ta koma tana sa wa injin albarka.

Sai janareto ya yi mana tsiya. Wata rana wuta ta yi sama, muka ji wari, injin gem ya yi shiru. Mai gyara a Gummi ya buɗe ya rufe, ya ce in yi haƙuri. Na tafi Gusau na sayo sabon samfuri, da sabon kashi na wasanmu wanda bai daɗe da fitowa ba. Mai shagon yana ta kuranta shi, wai wannan kamar fim yake. Na ɗauka zaƙin bakin 'yan kasuwa ne. Ya kuma ce tsofaffin faifaina ba sa shiga sabon inji, na ce ba komai, wa zai koma tsoho ga sabo?

Ranar da za mu buɗe shi ranar kasuwa ce, shago ya cika. Har da samarin da suka dawo daga ramukan zinari na Anka, aljihu da nauyi, baki da surutu. Kawu ya zo da wankakkiyar riga. Ya tuɓe takalmi, ya ɗebi ƙasa ya saki, kowa ya yi shiru.

Hoton kaɗai ya isa ya ɗaure kai. Ana ganin zufa a goshin mutum, ana ganin ciyawa tana kaɗawa. Kawu ya nuna ta da baki, ya kalle ni, wato ga iskar da na ce babu. Ɗan sanɗa kuwa ya manyanta, gemu ya yi furfura.

"Ya girma," in ji Kawu, da murya irin ta wanda ya ga ɗan aboki. "Kwanta."

Na kwantar da shi. Muka ja ciki har kusa da ƙofar wani gida. Mai gadi ɗaya ne, yana tsugune yana zuba shayi a kofi, bindigarsa jingine da bango. Irin wannan mun wuce su ba adadi. Kawu ya ɗaga yatsa alamar in jira.

Sai wani baƙin layi ya sauko a saman talabijin, wani ya taso a ƙasa. Ɗan sanɗa ya miƙe tsaye.

"Kwanta, na ce!"

Na danna. Bai kwanta ba. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi. Mutumin nan ya fita fili, rana tsaka, yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Mai gadi ya ɗago kai da kofi a hannu. Ɗan sanɗa ya zaro bindiga ya harbe shi a ƙirji. Ya doki ƙofa da ƙafa, ya shiga yana ɓarin wuta, ganguna suna fashewa, wani kiɗa ya tashi mai kaɗa ciki.

Kawu ya juyo kaina ido jawur.

"Mi kay yi haka? Mutum shina shan shayi!"

"Kawu, ba ni ba ne."

"In ba kai ba wa? Ni ka riƙe da abin?"

Muka yanke cewa hannun ne ya lalace. Na cire shi, na hura, na buga a gwiwa, na ɗauko ɗayan. Muka sake daga farko, muka ja ciki har ƙofar. Baƙin layi ya sauko, ya miƙe, ya harbe mai shayi. Wani ya ce ƙura ce a faifan, na goge da gefen riga. Wani ya ce mu bi ta bayan gida, muka zagaya, muka tarar da katanga ta ko'ina, hanya ɗaya tak aka bari. Kawu dai bai daina harara ta ba. Da muka sake isa ƙofar sai na ajiye hannun a ƙasa, na ɗaga hannuwana sama kowa yana gani. Ɗan sanɗa ya miƙe shi kaɗai, babu mai taɓa shi, ya je ya kashe mutumin.

Shago ya ɗauki salati. Wani daga cikin 'yan zinari ya ja da baya, ya ce shi fa ba ya wasa da abin da ke motsi da kansa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na tabbata jabu aka sayar mini. Nan take na kira mai shagon Gusau, na sa kowa yana ji, na ce masa faifansa ya lalace, mutumin ba ya jin magana.

Dariya ya yi har da tari. Ya ce lafiyar faifai lau, haka masu shi suka yi shi. In layin nan ya sauko, fim ne, sai ka zauna ka kalla. Ya ce yanzu duk wasannin haka suka koma, mutane sun gaji da laɓe-laɓe, wuta suke so.

Na kashe waya. Da lalacewa ce da na ji sauƙi, abin da ya lalace ana gyara shi. Amma a ce wasu mutane sun zauna da hankalinsu, sun ɗauki mutumin da muka yi shekaru muna rainon haƙurinsa, sun mai da shi haka da gangan, sun kuma ƙwace hannu daga gare mu don kada mu hana, wannan ya fi ƙarfin kaina.

Kawu ya daure. Ya ce wataƙila akwai tsohuwar gaba tsakaninsa da mai shayin, mu ci gaba mu gani. Muka ci gaba. Ba a jima ba aka ɗora ɗan sanɗa a bayan wata buɗaɗɗiyar mota mai babbar bindiga, motar ta kutsa cikin wani ƙauye. Rumfuna suna cin wuta, mutane suna gudu, awaki suna tsalle. Talabijin ya nuno mini hoton madanni, wai in danna da sauri. Samari suka miƙe tsaye suna ihu, "Ba su wuta! Ba su wuta!" Ban danna ba. Motar ta kife, aka mayar da mu bakin ƙauyen, aka sake nuno madannin.

Kawu ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, amma sai da ihun ya tsaya.

"Su na," in ji shi. "Har nan sunka biyo ni."

Ya sa takalmansa ya fita. Ya koma zaure, ya jingina da bangon nan. Kwano ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi. Inna kuwa kallo kawai take bi na da shi, kuma da ta zage ni da ya fi mini.

Na shiga neman tsohon inji kamar mai neman magani. Na tambaya a Anka, na aika Sakkwato, kowa ya ce an daina yayinsa. A ƙarshe na samu wajen wani tela a Gummi, ɗansa ya tafi makaranta ya bar shi ƙarƙashin gado. Na goyo shi a babur. Washegari da hantsi ban jira Kawu ya zo shago ba, na kwaso talabijin da janareto na kafa a zaure. Na saka kashi na ɗaya. Ga ɗan sanɗa nan, saurayi, ba furfura, kwance cikin ciyawa, mai gadi yana kai da kawowa a gabansa. Farin ciki ya kama ni.

Na ce, "Kawu, ga namu na da. Wannan yana jin magana. Ta ina za mu bi?"

Ya daɗe yana kallonsa. Na ga idonsa yana bin mai gadin, leɓensa yana motsi, har yatsansa ya fara ɗagowa. Sai ya mayar da hannun cikin riga.

"Na riga na ga abin da za shi zama," in ji shi. "Ba ni ƙara koya mai yadda aka isa ga mutum ba a ji ba."

"Kawu, wasa ne fa."

"Cikin waɗanda sunka amshe min bindiga akwai wani yaro. Tun shina ƙarami nika tahiya da shi daji. Ni na koya mai bin sau, ni na koya mai iska. Ran nan ban ji zuwansu ba, ɗana. Ko kaɗan ban ji ba." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Kashe abin ga."

Na kashe.