Ƙararrawar Ƙafar Iliya

Wata Laraba ce da rani, shekara ta biyu da fara sako ruwan Tiga ta bayan ƙauyenmu a ƙasar Kura. Ban wuce shekara goma ba, Inna ta aza mini kwanon ɗanwake in kai wa Baba gonar tumatir, ta ce in tafi da ƙanena Iliya. Shekararsa biyar, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. A kira sunansa ba ya waigowa. Sai ya wuni yana jera ƙwallon goruba a gindin rumbu, ka taɓa ɗaya ya fasa kuka. Abu guda ke ɗauke masa hankali, ruwa. Ko a kwano ya ga rana na ƙyalli a kai, sai ya tsuguna yana kaɗa hannuwa yana dariya.

Mu sauran yara da tsoro aka raba mu da kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti. Manya suka ce, "Akwai mai jan ƙafa a ciki," muka yarda. Iliya bai san tsoro ba. Shi ya sa Inna ta karɓo 'yar ƙararrawa irin ta wuyan tunkiya wajen Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ɗaura masa a ƙafa. Tana daka tana kasa kunne, da ƙarar ta yi nisa sai ta yar da taɓarya.

A hanya muka tarar da 'yan mata suna carafke a inuwar darbejiya. Wata Talatu mai bakin tsiya ta ce, "Ga Hajara da tunkiyarta, yaushe za a kai ta kasuwa?" Aka sheƙe da dariya. Ba zan wanke kaina ba, kunya na ji. Na durƙusa na kwance ƙararrawar na ƙulle ta a bakin zanena. Na ce wasa ɗaya zan yi, na yi uku. Ina ɗagowa, babu Iliya.

Sai muka ƙara wauta a kan wauta. Gari ya bazu cikin gonakin alkama ana ta kiran yaron da bai taɓa amsa sunansa ba. Aka leƙa rumbuna, aka bi hanyar kasuwa, ga kanal a kusa ba wanda ya nufa. Bayan la'asar wani mai ban ruwa ya tsamo shi a bakin kwalbati. Mata suka ce dama ɗan ruwa ne, danginsa sun karɓi abinsu. Inna ƙafarsa kawai ta duba, ta dube ni. Har ta rasu ba ta tambaye ni ba.

Yanzu ga jikana Abba, shi ma haka yake, likita a Kano ya ce galahanga ce, ba aljanu ba. Na sa an yi wa rijiya murfin ƙarfe, an mai da sakatar ƙofa can sama, ubansa kuma yana koya masa iyo yana riƙe da shi. Na bi maƙwabta gida-gida na ce, "Ranar da kuka ji ya ɓace, kar wanda ya tsaya kiran suna, kanal za ku fara zuwa." Ƙararrawar kuwa na ciro ta daga ƙasan kwallata na ɗaura masa. Yara na dariya, su yi ta yi. Ni dai ina jin sa, abin da na hana Inna ke nan.